Kwafin Halitta

kwafin halitta (suna, namiji). Samar da sabon mai rai daga guda ɗaya tak, ba tare da barbara ba, har ƙwayoyin gadonsu su zo iri ɗaya sak. Manomi ya daɗe da saninsa: itacen rogon da aka sara aka binne, abin da zai tsiro kwafin uwarsa ne, haka ma rake. A dabbobi kuwa aiki ne ja. Ana cire cibiyar ƙwan mace, a sa ta wata ƙwayar jiki a gurbinta, a dasa a mahaifar wata. Ta haka aka samu tunkiya Dolly a Roslin, Sikotilan, a 1996, daga ƙwayar hantsa. Kwafi ba ya gadar shekaru ko tunanin na asali, jariri ake haihuwarsa.