Firintar 3D ta kan tebur: abin da ya kamata a duba kafin a saya domin ƙera kayan ƙananan jirage

Yaran ƙasar Hausa sun daɗe suna ƙera motoci da jirage da karan dawa da gwangwani, idan damina ta cika tafki su saki nasu jirgin a kan ruwa. Yanzu akwai na'urar da ke yin irin wannan aiki da roba, ita ce firintar 3D. Malamin makarantar koyon sana'a, ko ɗalibi, ko mai gyaran waya a Guci, Dungas ko Magariya yana iya fitar da farfela, anga ko gangar jikin ƙaramin jirgi da ita. Sai dai na'urar da ta yi aiki lafiya a Turai tana iya zama asara a jihar Damagaram, idan ba a yi la'akari da zafi, ƙura da yanayin wutar lantarki ba.

Yadda take aiki

Masassaƙi yana rage itace har turmi ya fito. Firintar 3D ƙarawa take yi: tana shimfiɗa roba hawa bisa hawa, kamar magini da tubali, har siffar da aka zana a kwamfuta ta kammala. Ba'amurke Chuck Hull ya samu rajistar fasahar daskarar da ruwan roba da haske a 1986. Scott Crump ya shigar da tasa, ta narkar da zaren roba, a 1989. Bayan wa'adin rajistar Crump ya ƙare a 2009 ne farashi ya faɗo, tare da taimakon shirin RepRap da Adrian Bowyer ya fara a jami'ar Bath ta Ingila a 2005, wanda ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa. A 2013, a birnin Lome na Togo, Kodjo Afate Gnikou ya haɗa tasa firintar mai suna W.Afate a cibiyar WoeLab, mafi yawanta da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintocin takarda.

Iri biyu da ake samu

Na farko shi ne mai zaren roba. Zaren mai kaurin milimita 1,75 yana zuwa a naɗe, galibi kilo ɗaya. Na'urar tana narka shi ta fitar ta wani ɗan baki mai faɗin milimita 0,4, kowane hawa kuma kaurinsa milimita 0,1 zuwa 0,3 ne. Wannan iri ya fi sauƙin gyara, kayansa sun fi ƙwari, kuma shi ya dace da gangar jirgi, mazaunin mota da akwatin batir.

Na biyu mai ruwan roba ne, wanda ake kira rezin. Haske ne ke daskarar da ruwan, hawansa kuma yana sauka har milimita 0,05 ko ƙasa da haka, don haka yana fitar da ƙananan kayan ado sumul. Amma ɗanyen rezin yana cutar da fata kuma yana da wari. Sai an sa safar hannu, a yi aiki inda iska ke shiga, a wanke abin da aka buga da alkol mai ƙarfi, sannan a ƙara busar da shi da haske. Rezin na gama-gari kuma yana saurin karyewa. A gidan da yara ke kai da komo, ko garin da alkol ɗin ke wuyar samu, mai zaren roba ya fi dacewa da mai farawa.

Girman jirgi da girman na'ura

Kafin a tambayi kuɗi, a fara da lissafi. Jirgi mai tsawon mita 10, idan aka rage shi sau 50, zai koma santimita 20. Ender-3 ta kamfanin Creality na ƙasar Sin, wadda ta fito a 2018, tana buga abu har milimita 220 a tsawo da faɗi, da 250 a tsaye, don haka wannan jirgi zai shiga gaba ɗaya. A1 mini ta Bambu Lab tana tsayawa a milimita 180 ta kowane gefe. Jirgin da ya fi haka sai a buga shi gunduwa-gunduwa a manne.

Lissafin yana nuna iyakar na'urar ma. A wannan ma'auni, sandar ƙarfe mai kaurin santimita 2 a jirgin gaske za ta koma milimita 0,4, daidai faɗin bakin na'urar. Duk abin da ya fi haka siranta ba zai fito da kyau ba, gara a yi shi da waya ko zare.

Robar da za ta jure zafinmu

Nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Robar da ake fara koyo da ita, PLA, tana da arha da sauƙin bugu, amma tana fara laushi daga digiri 55 zuwa 60. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa kaɗai yana wuce digiri 40 a jihar Damagaram. Jirgin PLA da aka bari a rana, ko a cikin mota a rufe, zai iya lanƙwashewa kafin la'asar, musamman idan baƙi ne.

PETG tana jurewa har wajen digiri 80, ba ta damu da ruwa ba, kuma na'ura maras murfi tana iya buga ta. Ita ce zaɓin tsakiya ga jirgin da zai shiga tafki. ABS da ASA suna kai wajen digiri 100, ASA kuma rana ba ta saurin cinye ta, sai dai suna buƙatar na'ura mai akwati rufaffe, farantin da ke kai digiri 100, da wurin da hayaƙinsu zai fita. Saboda haka a tabbatar bakin na'urar yana kai digiri 250, farantinta kuma aƙalla 80.

Ko da wace roba aka yi, ruwa yana iya ɗiga tsakanin hawa da hawa. A buga bangon jirgi ninki uku ko huɗu, a shafe shi da fenti ko gam mai haɗi biyu. Sandar da ke juya farfela kuwa ta ƙarfe ake sawa.

Wutar lantarki

Bugu ɗaya na gangar jirgi yana iya cin awa goma ko fiye, kuma idan wuta ta ɗauke a awa ta tara, aikin da robar duka suna iya tafiya. Mazauna wannan yanki ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. A nemi na'urar da ke iya ci gaba daga inda ta tsaya, a haɗa ta da batir mai riƙe wuta da na'urar daidaita ƙarfinta.

Ƙaramar firinta tana cin wajen wat 100 zuwa 150 yayin aiki, ta fi haka lokacin da take ɗumama faranti. Wat 120 na awa goma ya kama kilowat-awa 1,2. Batir mai volt 12 da amfiya 100 abin da yake ɗauka ke nan a rubuce, amma idan na dalma ne rabinsa kawai ake ci ba tare da an kashe shi ba. Mai aiki da hasken rana sai ya fara bugu da safe. Wasu na'urorin kuma suna da maɓalli a gefe mai 115 da 230. Wutar Nijar volt 220 ce, wanda ya jona tana kan 115 ya ƙone ta nan take.

Ƙura, laima da kayan gyara

Ƙurar hunturu tana toshe bakin na'ura ta kuma cinye sandunan da take gudu a kai, don haka a yi mata akwati ko murfi. Da damina zaren yana shan laima, bugu ya fito da kumfa da gashi-gashi. A ajiye shi cikin bokiti mai murfi tare da ƴan ƙullin maganin laima da ke zuwa a ledarsa.

Guci na cikin gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011, kuma kayan gyara sai dai a aika Damagaram, Yamai ko Kano. Shi ya sa na'urar da ta yaɗu a duniya ta fi baƙuwa amfani. A sayo tare da ita baki biyar ko fiye, bel, bututun zare da ƴar wayar da ke auna zafi. A duba kuma ko tana karɓar katin memori, don kada aiki ya dogara ga intanet. Manhajojin Cura da PrusaSlicer masu shirya bugu, da FreeCAD na zane, kyauta ne kuma suna aiki ba tare da intanet ba.

Kuɗi da gwaji

Ƙananan na'urori masu zare suna kamawa daga Yuro 200 zuwa 300, wato jika 130 zuwa 200 na sefa, kilon roba kuma wajen Yuro 20. Wannan bai haɗa da kuɗin mota, duwan, batir da kayan gyara ba. Da wuya kayan jirage kaɗai su mayar da kuɗin, amma na'urar tana yin murfi, maɓalli, mariƙin waya, da samfurin da masu zubin tukwanen alminiyom za su danna a ƙasa su zuba ƙarfe.

Kafin a biya, a sa mai sayarwa ya buga 3DBenchy. Wani ɗan jirgi ne mai tsawon milimita 60 da kamfanin Creative Tools na Suwidin ya saki a 2015 domin gwada firinta. A auna tsawonsa, a duba ko gaban jirgin ya fito sumul, ko ramukan tagogi sun zagaye daidai, ko rufin bai lotsa ba. Idan na'urar ta kasa wannan ɗan jirgi, kada a biya.