Littattafan Soyayya Huɗu Da Suka Bi Ta Wata Hanya Daban

Duk wanda ya taso a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas ya san 'yan littattafan nan masu siririn bango da ake sauko da su daga Kano. Ni ma a jakar yayata na fara ganinsu, direban tirelar shanu ne ke riƙo mata. Masana na kiransu Adabin Kasuwar Kano, mu kuwa littattafan soyayya kawai muke cewa.

Yawancinsu layi ɗaya suke bi: saurayi ya ga budurwa, iyaye su ƙi, a sha kuka, daga ƙarshe a ɗaura aure, ƙurunƙus. To amma akwai marubutan da suka karya wannan tsari, kuma nasu ne har yau ake magana a kai. Ga huɗu daga ciki.

In Da So Da Ƙauna

Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da shi a 1991. An saba namiji ne ke fara furta so, amma a nan Sumayya, 'yar masu kuɗi, ita ta fara nuna tana son Muhammad, talaka. Da gidansu suka matsa sai ta auri Abdulƙadir mai dukiya, ta faɗa rijiya. Tambayar da littafin ya jefa wa iyaye ita ce: in yarinya ta ce ba ta so, wa ke sauraronta?

Wa Zai Auri Jahila?

Na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ne, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, ya fito a 1990. An cire Abu daga makaranta tana ƙarama, ɗan'uwanta da aka tsara zai aure ta ya ce shi ba zai auri jahila ba, sai aka ɗaura mata da tsoho, Sarkin Noma. A wani littafin, wani kyakkyawan saurayi ne zai zo ya cece ta. A nan ba haka ba ne. Ita ta gudu Kano wajen gwaggonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kanta marubuciyar an yi mata aure tana ƙarama, shi ya sa in kana karantawa za ka ji ba shaci-faɗi ba ne.

Alhaki Kuykuyo Ne

Shi ma na Balaraba ne, 1990. A ganina wannan ya fi kowanne juya lamarin, domin ya fara ne daga inda sauran ke ƙarewa, wato bayan aure ya tsufa. Rabi na da 'ya'ya tara da Alhaji Abdu, ɗan kasuwa, sai ya auro Delu ya kore ta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta, 'yarta Saudatu ta yi aure mai kyau. Da gobara ta cinye shagon Alhaji, aka taru aka matsa wa Rabi ta koma. Wallahi wannan komawar ba ta yi wa mai karatu daɗi, kuma da gangan ne: an daidaita, amma kowa ya ga wanda ya biya kuɗin sulhun. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012.

Season of Crimson Blossoms

Wannan da Turanci Abubakar Adam Ibrahim ya rubuta shi, a 2015, kuma ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Tauraruwar ba budurwa ba ce. Hajiya Binta ce, mai shekara 55, mijinta ya rasu, ga jikoki, ta faɗa soyayya da Reza, ɗan daba da ya yi sa'ar ɗanta. Marubucin bai wanke ta ba, ƙarshen ma bala'i ne. Abin da ya tono shi ne yadda muke ɗauka mace in ta manyanta zuciyarta ta mutu. Ba na yara ba ne, in faɗa muku tun yanzu.

Me ya haɗa su?

A dukkansu mace ce ke yanke shawara, ko ta yi daidai ko ta yi kuskure, kuma ɗaurin aure ba shi ne maganin komai ba. Shi ya sa wasu ke musu kallon masu ɓata tarbiyya, har a 2007 gwamnatin Kano ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a.

Yanzu harkar ta koma waya. Ƙannenmu a nan Kudu suna karantawa a WhatsApp da Wattpad, ko su saurara a YouTube, akwai na kirki akwai tarkace. Kafin ka ƙwace wayar, yaya, ka tambaye ta labarin me take karantawa. Har yanzu a zangonninmu ana cire yarinya daga aji a ce miji ya samu. In ka tarar labarin Abu take bi, wataƙila akwai maganar da ta kasa faɗa maka ne.