Sauron Ambursa da Sauron Legas: Auren da Ya Tona Asiri

Ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba, saboda waɗanda data ba ta barin su saurara.

Yau tarihin sauro zan ba ku. Eh, sauro dai da kuka sani, wanda ya hana ni barci daren jiya. Amma tambayar da ke ƙarƙashin labarin babba ce: ta yaya halitta iri ɗaya take rabuwa ta zama iri biyu, kuma me yake hana su sake cakuɗewa bayan sun rabu? Na san da an taɓo wannan fanni wasu za su gyara zama su ce to, ga maganar biri da mutum ta zo. Ba can za mu ba. Abin da zan faɗa an gan shi ne da ido a cikin keji da kwalabe, wani ɓangarensa ma a ƙasar Kabi da Jigawa ya faru.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Jaki ya hau goɗiya, a haifi alfadari. Ga ƙarfi ga juriya, amma ba ya haihuwa. Dalili kuwa, a cikin ƙwayoyin jikin kowace dabba akwai wasu zarurruka da suke ɗauke da gadon halitta, ana ce musu kuromosom. Doki yana da 64, jaki yana da 62, alfadari ya tashi da 63, ba sa jeruwa biyu-biyu yadda za a samu ƙwayar haihuwa. Wato akwai katanga tsakanin doki da jaki, jinin wannan ba ya malala cikin zuriyar wancan. Wannan katangar masana suke dubawa kafin su ce waɗannan jinsi biyu ne. Idan na ce jinsi a shirin nan, ba namiji da mace nake nufi ba, iri nake nufi.

Doki da jaki dai ko yaro ya kalla zai bambance. Rigimar tana zuwa ne idan katangar tana nan amma ido ba ya ganin ta.

A 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar maleriya a cikin sauro a Indiya, a 1898 kuma Grassi da abokan aikinsa a Italiya suka tabbatar cewa sauron da ake kira Anopheles ne yake kai wa mutum ita. To lissafi ya yi sauƙi kenan: inda wannan sauro yake, nan zazzaɓi zai kasance. Sai Turai ta ƙi bin lissafin. Ga yanki cike da sauron amma babu zazzaɓi, ga wani yanki da sauro iri ɗaya sak ana ta binne mutane. Har wasu likitoci suka fara shakkar maganar sauron gaba ɗaya.

Wani jami'in lafiya ɗan Italiya mai suna Falleroni ne ya buɗe ƙofar a shekarun 1920, da aikin da mutane da yawa za su ce na marar abin yi ne: tara ƙwan sauro yana kallo. Ya lura uwayen kamarsu ɗaya, amma zanen da ke jikin ƙwan ya bambanta, kuma kowace uwa zane iri ɗaya take yi kullum. Lewis Hackett da Alberto Missiroli da wasu masu bincike a Holan suka bi sawun. Ashe masu wannan zanen shanu suka fi cizo, masu wancan kuma cikin gidaje suke shiga su ciji mutane. Da aka haɗa su a keji, wasu ƙwan bai ƙyanƙyashe ba, wasu tsutsar ta mutu, wasu sun girma amma ba haihuwa. Suna ɗaya aka ba su, alhali jinsi da yawa ne.

A daidai wannan zamanin Dobzhansky a 1937 da Ernst Mayr a 1942 suka fitar da littattafan da suka kafa wannan fahimta, cewa jinsi shi ne taron halittu masu haihuwa a tsakaninsu, waɗanda wata katanga ta raba su da sauran. Mayr yana ganin yawanci ƙasa ce take fara rabawa. Kogi ko dutse ko hamada ya shiga tsakani, kowane ɓangare ya yi dubban shekaru yana tara nasa canje-canje, ranar da suka sake haɗuwa sai a tarar abin ba ya ɗinkuwa.

Yanzu mu dawo gida. A 1954 gwamnatin mulkin mallaka ta fara wani gwaji a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, ana bin gidaje ana feshin maganin sauro a bango. Ɗaya daga cikin magungunan sunansa diyaldirin. Kafin ƙarshen 1955 aka ga sauro ya daina mutuwa. Aka ɗebi sauro daga Ambursa, garin da filin jirgin saman Kebbi yake yanzu, aka kai Landan wurin wani masani George Davidson. Shi abin da yake nema kawai, yadda ake gadon wannan taurin kan. Sai ya haɗa na Ambursa da wani sauro na Legas wanda magani yake kashewa. Amsar da yake nema ta fito, ƙwayar gado ɗaya ce take ɗauke da abin. Amma wani abu ya biyo baya wanda bai nema ba: 'ya'ya mazan da aka samu daga auren ba sa haihuwa. Alfadarai ne, kun gane?

Davidson bai tsaya nan ba. Ya yi ta karɓar sauro daga sassan Afirka yana haɗawa, zuwa 1962 ya bayyana cewa sauron da aka sani da suna Anopheles gambiae tun 1902 ya kasu gida biyu, ya kira su A da B. Cikin gida aure lafiya lau, tsakanin gida da gida kuwa mazan ba sa haihuwa. A shi ya riƙe sunan gambiae, B daga baya aka sa masa arabiensis. Kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Gambiae mayen mutum ne, cikin ɗaki yake so. Arabiensis ya fi jure fari, yana cizon mutum yana cizon saniya, kuma ya fi yawan zama a waje, inda feshin bango ba ya kai wa.

Ku riƙe wani abu a nan, zai dawo: matan da aka haifa daga irin wannan auren suna haihuwa. Mazan ne kaɗai abin ya shafa. Wato katangar tana da kafa.

Wanda ya fi burge ni a labarin nan shi ne Mario Coluzzi, wani ɗan Italiya kuma. Ya ƙware wajen fitar da kuromosom daga jakar ƙwan macen sauro, ya shimfiɗa a ƙarƙashin madubin likita, ya karanta ratsin da ke jiki kamar mai karanta allo. Da wannan ba sai an jira aure a keji ba, kallo ɗaya a san wane ne wane. Ya yi aiki da sauron Najeriya, har da na Garki, wadda take jihar Kano a lokacin, yanzu Jigawa. A can Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnati suka yi wani babban gwaji daga 1969 zuwa 1976. An yi feshi, an raba magani, zazzaɓi ya ragu sosai, amma ba a iya yanke yaɗuwarsa ba, da aka daina kuma ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya sha jini.

Abin da Coluzzi ya gani shi ne, ko a cikin jinsi ɗaya, wani sauron yana da guntun kuromosom da ya juye, kai ya koma ƙafa. Me ya sa wannan yake da muhimmanci? A al'ada, duk haihuwa ana cakuɗa gadon uwa da na uba kamar ana tankaɗe. Amma guntun da ya juye ba ya cakuɗuwa da wanda bai juye ba, ƙwayoyin gadon da ke cikinsa suna tafiya tare a ɗaure kamar ƙunshin goro. Idan ƙunshin ya ƙunshi abin da ke taimakon sauro jure zafi da bushewa, sai ya yawaita a inda ake fari. Haka kuwa aka gani, daga kurmin kudu zuwa arewa wasu juyin suna ƙaruwa yadda ruwan sama yake raguwa, wasu kuma suna da alaƙa da ko sauron ɗaki yake kwana ko waje. Babu kogi, babu dutse, gari ɗaya ake zaune, amma rabuwa ta fara daga ciki. Wannan ya sha bamban da hanyar da Mayr ya fi ƙarfafawa.

A Mali, Coluzzi da Yeya Touré suka tarar gambiae ɗin kansa bai zama tsintsiya ɗaya ba. Da gwajin DNA ya zo, wajen 2001 aka tsayar da kashi biyu, M da S. Shi S tsutsarsa tana girma a ruwan da ya kwanta bayan an yi ruwan sama, sawun shanu, sawun taya, ruwan da zai ƙafe cikin kwanaki. Shi M ya fi son ruwa mai daɗewa, irin na gonakin shinkafa, shi ya sa yake iya cizo har cikin rani a inda ake noman ban ruwa. Coluzzi yana ganin mutum ne ya buɗe wannan hanya da hannunsa, da sare daji da tare ruwa.

To ga inda abin ya ɗaure kai. Ka sa M da S a keji ɗaya, su yi aure, su haifi 'ya'ya lafiyayyu, maza da mata duk suna haihuwa. Babu alfadari ko ɗaya. Amma ka fita ƙauye ka kama sauro, a yawancin Afirka ta Yamma ruwa-biyun da za ka samu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Me ya raba su?

Dandali ne ya raba su. Da almuru mazan sauro suna yin cincirindo a iska, mace ta shigo ta fita da ɗaya, kuma yawanci sau ɗaya take yin haka a rayuwarta. Abdoulaye Diabaté, masani ɗan Burkina Faso, da abokan aikinsa sun bi irin waɗannan taruka a wani ƙauyen Mali, suka wallafa a 2009 cewa mazan S a kan fili fetal suke taruwa, mazan M kuma a kan wurin da duhu da haske suka haɗu, kamar bakin rijiya ko tarin shara ko gefen ciyawa. Taku kaɗan ne tsakani, amma kowa da wurin zancensa. Wallahi da na fara karanta wannan sai da na yi dariya.

A 2013 aka yanke cewa jinsi biyu ne, S ya ci gaba da amsa gambiae, M aka sa masa Anopheles coluzzii, shekara ɗaya bayan rasuwar Coluzzi.

Ni dai a ganina sunan ya zo ne aikin bai ƙare ba, kuma wannan ne ya sa labarin ya fi na doki da jaki amfani. A Gini Bisau an sami wuraren da ruwa-biyun suka haura 20 cikin ɗari, wato katangar can ta zube sosai. A Mali kuma, wajen 2006, lokacin da aka yawaita raba gidan sauro mai magani, an ga ƙwayar gadon da ke sa sauro jure wannan maganin ta tsallaka daga gambiae ta shiga coluzzii. Kun tuna kafar nan da na ce ku riƙe? Irin ta ce. Ruwa-biyu 'yan kaɗan suka koma suka yi aure cikin coluzzii, maganin ya kashe waɗanda ba su da ƙwayar, waɗanda suka gaje ta suka cika gari. Bayan haka kowa ya koma dandalinsa, jinsin biyu ba su narke sun zama ɗaya ba, amma makamin ya riga ya sauya hannu.

Shi ya sa masu yaƙi da maleriya a yau, kafin su zaɓi maganin da za a sa a gidan sauro ko a fesa a wani yanki, sai sun kama sauron wurin an kai ɗakin gwaji an tantance wanne ne, domin ukun nan, gambiae da coluzzii da arabiensis, duk ana samun su a arewacin Najeriya, kuma da ido babu mai iya raba su.

Nan zan tsaya yau. Mutanen Kebbi da ke bin shafin nan, ku tambayi tsofaffinku ko akwai mai tuna zamanin feshin nan na gida-gida, ku rubuto mana abin da suka ce. Sai mun haɗu mako mai zuwa.