Yadda Ɗalibi Ke Ƙaura da Karatunsa

Talata Mafara da Bakura da Maradun garuruwa ne uku na yammacin ƙasar Zamfara, ba su da nisa da juna, gulbin Sakkwato ne ke shayar da fadamunsu. Yawanci an san su da noma, balle tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori cikin 1978. Amma ƙasar nan tana da wani tarihi wanda ba a faye ambatonsa ba, shi ne tarihin masu neman ilmi da suka ratsa ta, suna tashi daga gaban wannan malami zuwa gaban wancan. Ko da yaushe kuwa ɗalibi ya tashi haka, tambaya guda ke jiransa inda za shi: abin da ya karanta a baya za a lissafa masa, ko kuwa za a ce ya koma farko?

Ga wanda ya ɓad da shekara biyu yana karatu, uba ya sayar da hatsi da awaki ya biya masa, wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Bari mu ga yadda mutanen dā suka amsa ta, sa'an nan mu zo kan na yanzu.

A makarantar allo abin da sauƙi ya ke. Alƙur'ani izu sittin ne a Mafara, izu sittin ne a Borno. Almajiri in ya sauka wurin sabon malami, sai ya faɗi izun da ya kai. Malam ba ya neman wata takarda, sai ya ce masa, "To, biya mu ji." In ya biya daidai, a rubuta masa gaba. In harshe ya sarƙe, a wanke allo a mai da shi baya, ba gardama.

A makarantar ilmi, watau karatun zaure, littafi ne ma'auni. Mai neman fikihu ya kan fara da ƙananan littattafai kamar Ahalari da Ishmawi, ya hau Iziyya, ya shiga Risala, har in Allah ya nufa ya kai ga Muhtasar. Da ya ke littattafan nan su ne dai a Katsina da Zazzau da Agadas, mutum ya kan ajiye karatu a wani babi a wannan gari, ya ɗauka daga babin a wancan. Kowane malami kuma da fannin da ya fi ƙwarewa, shi ya sa ba a zama wuri guda. Wanda ya gama littafi a gaban malami, har malam ya yarda da fahimtarsa, sai ya ba shi ijaza, watau izinin ya karantar da shi ga waɗansu. A cikin ijaza malam ya kan jera sunan wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan, har a kai ga mawallafin littafin.

Babu misalin da ya fi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa. An haife shi cikin 1754. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta wani ɗan littafi cikin 1812, Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malamansu da abin da aka ɗauka wurin kowanne. Daga nan muka san Shehu ya yi karatun Alƙur'ani wurin mahaifinsa, nahawu wurin Abdurrahmani ɗan Hammada, Muhtasar kuwa wurin Usmanu Binduri, wanda ya lizimta kamar shekara biyu. Ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Tafsiri kuwa a nan Zamfara ya same shi, wurin ɗan'uwansa Ahmadu ɗan Muhammadu Amin, ya kuma zauna majalisar wani malami da a ke kira Hashimu Bazamfare, ya ji tafsirin Alƙur'ani daga farko har ƙarshe.

Shehu ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi cikin Zamfara, ya kuma zauna a Faru, wadda ke cikin ƙasar Maradun. Kusa da nan ne, a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ran Babbar Salla ta 1788, ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar zinariya, ya roƙi waɗansu abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da a bar shi ya kira mutane zuwa ga addini. Abin lura a nan, mutumin da sarki ke girmamawa haka bai daɗe da tashi daga gaban wani malami ba. Wajen 1786, yana da shekara talatin da 'yan kai, sunansa ya riga ya kai ko'ina, ya zauna ya karance Sahihul Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, Abdullahi yana gefe yana saurare. Da suka sauke, Alhaji ya ba su ijaza ta abin da shi ma ya karɓo a Madina daga Abul Hasan, mutumin Sindi, ƙasar da ke cikin Pakistan a yau. Haka kuma ijazar Malam Jibrilu ta biyo ta hannun Murtala Zabidi, wanda aka haifa a Hindu, ya yi karatu a Yaman, ya zauna Alƙahira.

Kun ga ke nan, babu gwamnatin da ta haɗa Sindi da Zamfara, babu ofishi, babu hatimi. Duk da haka karatun da aka yi a Madina ya karɓu a Gobir. Abin da ya riƙe shi, malami ne ke tsaya wa ɗalibinsa da sunansa, in ɗalibin ya kunyata, shi ya kunyata. Amma kada mu yabi abin fiye da kima. Akwai ijazar da a kan bayar don neman albarka kawai, ba tare da an karanta littafin duka ba, wani lokaci ma a cikin wasiƙa. Saboda haka malamai masu tsantseni ba su kan dogara ga takarda ita kaɗai ba, sai sun buɗe littafi sun ce a karanta.

Da Turawa suka zo, sai ma'auni ya sāke. Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922. A makarantar boko ba a tambayar littafin da ka sauke, ajin da ka kai a ke tambaya. Yaron wannan yanki in ya gama elementare sai Midil ta Sakkwato, in ya yi ƙwazo a wuce da shi kwaleji. Duk tsani guda ne, mai shi guda, don haka takardar wannan makaranta ta isa shaida a waccan. Wanda ya sha wuya shi ne malamin zaure. Ko da ya haddace Muhtasar, ran da ya taka makarantar boko ba a lissafa masa ko harafi. Don a rage wannan ne aka kafa Makarantar Shari'a a Kano cikin 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci cikin 1947, inda mai ilmin Larabci ke fita da takardar da En'e da gwamnati suka sani.

Can Kudu ma an yi irin wannan kuka. An buɗe babbar kwaleji a Yaba ta Ikko cikin 1934, ɗalibai suna shekaru suna karatun likita da na injiniya, amma takardar da a ke ba su ba ta da daraja in an fita Nijeriya. Da za a kafa Kwalejin Jami'a ta Badun cikin 1948, sai aka kwashi ɗaliban Yaba aka fara da su, mutum 104, aka kuma jingina kwalejin ga Jami'ar Landan, har 1962 digirin Landan a ke bayarwa. In an duba, dabarar ijaza ce aka sāke yi: ƙaramin da ba a sani ba ya rataya ga babban da aka sani. A 1962 ɗin ne kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

To, tsarin Ingila yana da wani aibi ga mai ƙaura. Karatun digiri dunƙule ya ke, babbar jarrabawa tana can ƙarshe. Wanda ya bari a tsakiya, don ciwo ko rashin kuɗi ko mutuwar uba, ya kan fita hannu wofi. Mutanen Amurka su suka yanka karatu gunduwa-gunduwa. Tun daga 1869 shugaban Jami'ar Habad, Charles Eliot, ya shiga bai wa ɗalibai damar zaɓen darussa. Da kowa ya zaɓi nasa, sai aka rasa yadda za a gane wanda ya cika karatu, dole aka koma ƙidayar sa'o'i. Abin da a ke kira kiredit ke nan, waɗansu su ce yunit. Kada a rikita shi da kiredit ɗin jarrabawar gama sakandare, wancan daraja ce ta ci, wannan kuwa mudu ne na awon karatu. A jami'o'inmu, sa'a guda ta lacca kowane mako har mako goma sha biyar, shi ne kiredit ɗaya. Digiri na shekara huɗu ba ya kasa kiredit 120.

Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe cikin 1960 da taimakon wata jami'a ta jihar Mishigan, ita ta fara kawo wannan tsari Nijeriya. Ita ce kuma ta kawo darussan bai ɗaya, waɗanda kowane ɗalibi zai yi, ko likita zai zama ko lauya. Da fari masu ilmin Ingila sun raina abin. Amma cikin 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idodin da kowace jami'a za ta bi, awon kiredit da darussan bai ɗaya suka game ƙasa duka. Ɗalibai suna kiransu GST. A cikinsu akwai sarrafa Ingilishi, da sanin al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, da mantiƙi, da hanyoyin sulhu da zaman lafiya. A shekarar nan ta 1989 ƙasashen Turai su ma suka fara gwada nasu mudun, inda karatun shekara guda ya ke kiredit 60, don yaron Faransa ya yi zango a Jamus ya komo da abinsa.

Mai karatu zai ce, to, ai magana ta ƙare, tun da mudu ya zama ɗaya. Ba ta ƙare ba. Mudu ɗaya ne, amma mai saye yana da ikon ya ce hatsin bai yi masa ba. Ɗalibin da ke son ƙaura sai jami'arsa ta sallame shi, ta aika da takardar sakamakonsa kai tsaye, ba ta hannunsa ba, don gudun a taɓa ta. Can kuma sai sashen da zai shiga ya duba ko da gurbi, ya gwada darasi da darasi, majalisar malaman jami'a ta sa hannu, a kuma sanar da hukumar JAMB, wadda ke riƙe da ƙofar shiga jami'o'i tun 1978. Galibi ba a karɓar mutum a ajin ƙarshe, don jami'a ba ta son ta sa sunanta a kan wanda ba ta koyar ba. A ganina wannan ba laifi ba ne, malaman zaure ma haka suka yi. Inda laifi ya ke shi ne a sa yaro ya maimaita darasin Ingilishin da ya riga ya ci, don kawai lambar darasin ta bambanta, ko takardarsa ta yi wata da watanni a kan teburin wani akawu. Darussan bai ɗaya su ya kamata su fi kowane darasi sauƙin ƙaura, tun da don kowa aka yi su. A ƙarshen 2022 hukumar jami'o'i ta fito da sabon tsari, ita ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cika kashi 30 da abin da ya dace da ƙasarta, darussan bai ɗaya kuwa suna cikin kason hukuma, da suna ɗaya da lamba ɗaya.

Mutanen Mafara da Bakura da Maradun abin ya shafe su ƙwarai, domin sun daɗe suna fita neman ilmi mai zurfi. An kafa Jami'ar Sakkwato cikin 1975, aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo cikin 1988. Da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, ba ta da jami'a ko ɗaya, sai dai kwalejoji, cikinsu har da kwalejin kimiyya da fasaha da aka kafa a Talata Mafara cikin 1992, wadda aka sa wa sunan Abdu Gusau. Bakura kuma ta sami kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi. Wanda ya fita irin waɗannan kwalejoji da difloma mai kyau, in jami'a ta karɓe shi, a aji biyu ya kan fara. Watau shekara biyun da ya yi, guda a ke lissafa masa. Sai cikin 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya a Gusau, cikin 2018 kuma aka kafa Jami'ar Jihar Zamfara, mazauninta Talata Mafara.

Saura mai karatun zaure. Yaron da ya bi ta makarantar Islamiyya mai aji yana iya zama jarrabawar hukumar nazarin Larabci da addinin Musulunci, wadda asalinta tun zamanin Sardauna ne, ya nemi jami'a da takardarta. Amma wanda ya sauke Risala da Muhtasar a zauren wani malami a Faru ko Bakura, ijazarsa tana da daraja wurin malamai 'yan'uwansa, a ofishin rajista kuwa ba ta da kiredit ko ɗaya. In yana son digiri, sai ya nemi takardar sakandare tukuna.