Max Air: Zirga-zirga da Tarihin Lafiyar Jiragensa

Max Air kamfanin jiragen sama ne mallakar attajirin Katsina, Alhaji Ɗahiru Barau Mangal. Ya yi suna wajen jigilar alhazai kafin ya shiga zirga-zirgar cikin gida a 2018, daga baya har da hanyar Abuja zuwa Bauchi.

A Yulin 2023 hukumar NCAA ta dakatar da jiragensa ƙirar Boeing 737, bayan fashewar taya a Abuja da samun ruwa cikin tankin mai a Yola. Ranar 28 ga Janairun 2025 ƙafar gaban wani jirginsa ta karye yayin sauka a Kano. Ba a rasa rai ba, amma an tsayar da jigilarsa ta cikin gida na wani lokaci.