Fassara, Tafsiri da Tarjama

Da azumi, a masallatan Jega, Aliero da Maiyama, alaramma kan ja baki, malam ya bi aya gaɓa-gaɓa da Hausa. Wannan zama shi ne tafsiri, aikin malamin kuwa fassara. Tushensu guda a Larabci: "fassara", wato ya bayyana abin da ya shige duhu. Shehu Abdullahin Gwandu ya yi nasa tafsirin, Liya'ut Ta'awili, da Larabci.

"Tarjama" kuwa mayar da zance wani harshe ce zalla. Masu Urdu ita suka ara, suna cewa "tarjuma", kuma Shah Abdulƙadir na Delhi ya kammala tasa tarjamar Alƙur'ani wajen 1790. A Hausa ta fi zama bakin malamai. Shehu Abubakar Gumi ita ya zaɓa wa aikinsa na ma'anonin Alƙur'ani. Mutumin kasuwa har gobe "fassara" yake cewa, ko ta mafarki ce.