Daga Allon Zayyana zuwa Katin Sakamako: Ƙarshen Shekarar Karatu a Unguwar Wambai

Unguwar Wambai ta garin Suleja tana ɗauke da sunan ɗaya daga cikin manyan sarautun da Haɓen Zazzau suka taho da su kudu, sa'ad da mujahidai suka fitar da Sarki Muhammadu Makau daga Zariya a farkon ƙarni na 19, har ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja, watau Suleja ta yau, a bakin kogin Iku cikin 1828. Mutanen da suka yi wannan ƙaura ba tambura da kakaki kaɗai suka ɗauko ba, sun zo da malamansu da limamansu, da allo da tawada da alƙalamin kara. Saboda haka duk mai neman asalin karatun yara a wannan unguwa, lalle ne ya fara daga zauren malam, tun gabanin a san wani abu wai shi aji, ko zango, ko hutun ƙarshen shekara.

A makarantar allo babu shekarar da ake ƙidaya wa yaro, domin kowane almajiri yana tafiya ne gwargwadon hazaƙar da Allah ya ba shi. Ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, sa'an nan a riƙa rubuta masa surori daga ƙasa zuwa sama, kuma ba a yi masa izinin wanke allo sai ya biya wa malam abin da ke kai ba tare da gargada ba. Hutunsa Alhamis da Jumma'a ne da kwanakin Salla, ladan malam kuwa kuɗin Laraba ne da abin da iyaye suka yi niyya. In yaro ya kai wasu sanannun surori akan yi 'yar sadaka, amma babban buki shi ne ranar sauka, bayan ya ƙare izu sittin: a sa masa riga da rawani, a miƙa masa allon zayyana wanda aka ƙawata gefensa da tawada mai launi-launi, an rubuta Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya, malam ya karanta, shi kuma ya maimaita da murya a gaban liman da dattawan unguwa, a yanka rago, a yi addu'a, daga nan ya bi gidajen dangi yana nuna allonsa ana yi masa kyauta. Abin da ya fi ƙayatar da ni cikin wannan al'ada shi ne jama'a ba su karɓar shaidar kowa game da karatun yaron, kunnensu ne shaida.

Turawa sun ci Abuja cikin 1902, ilmin boko kuwa ya fara kafuwa a Arewa da makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, sa'an nan Kwalejin Katsina wadda aka buɗe cikin 1922 domin horar da malamai. Abuja ta yi rabo babba a wannan kwaleji, domin Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1944 ya zauna har 1979, ɗalibinta ne, ya kuma riƙe alli ya koyar kafin sarauta ta same shi. Kuma 'yan garin nan biyu, Malam Hassan Dallatu da Malam Shu'aibu Na'ibi, su ne suka rubuta tarihin Makau da al'adun Haɓen Abuja da Hausa, aka buga fassararsa da Turanci cikin 1952. Garin da sarkinsa malamin makaranta ne, ba abin mamaki ba ne in talakawansa suka riga na wasu wurare sakin jiki da boko, ko da yake a nan ma, kamar sauran ƙasar Hausa, an yi zamanin da sai hakimi ya aiko neman yara, iyaye kuwa suna ɓoye nasu.

Makarantar elementare ta En'e shekara huɗu ce, da Hausa ake koyarwa, ana yin karatu da rubutu da lissafi, da addini da Larabci, da kiwon lafiya da aikin hannu da ɗan noma a gonar makaranta. A ajin fari yaro yana zaune a tabarma, sulet a cinyarsa, yana kwaikwayon baƙin da malam ya zana a baƙin allo, in ya gama ya goge da gefen rigarsa. Sai ya yi ƙwari ake ba shi littafin rubutu da alƙalamin da ake tsomawa a tawada. Littattafan karatu daga Zariya suke zuwa, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, sa'an nan Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda shi ma ɗan Lardin Neja ne, haifaffen Kagara. Sabon abin da wannan makaranta ta kawo, wanda ya girgiza tunanin iyaye fiye da baƙaƙen boko kansu, shi ne tara yara sa'o'in juna a ɗaki guda, a ba su darasi guda a lokaci guda, sa'an nan a ƙarshen shekara a jarraba su, a jera sunayensu daga na ɗaya har na ƙarshe, a ce wannan ya wuce gaba, wancan ya maimaita aji. A wancan zamani shekarar makaranta daga Janairu take farawa ta ƙare a Disamba, watau jarrabawa takan zo daidai da kaka da sanyin hunturu, wanda ya yi fice a aji huɗu kuwa sai a tura shi Midil ta Bida, wadda ita ce ta lardi. Wannan tafiya ta Bida ita ce kyautar da ta fi kowace kyauta, domin daga can hanyar zama malami ko akawu ko ma'aikacin asibiti take buɗewa.

Aikin gida, wanda wasu ke kira jinga, bai yi yawa ba a farkon al'amari, saboda littattafai na makaranta ne, monita yakan tattara su a kulle a akwati in an tashi. Da aka shiga zamanin babbar firamare, aka mai da karatun shekara bakwai, aka kuma sa jarrabawar shiga sakandare a gaba, sai ya zama wajibi yaro ya koma gida da lissafi da haddar jadawali. A nan ne fa wahalar take, domin wannan yaro da asuba ya je allo, da hantsi yana aji, da la'asar ya koma wurin malam, yarinya kuwa ga talla ga ɗiban ruwa, ba su samun sukunin buɗe littafi sai bayan isha'i, a gindin fitilar aci-bal-bal ko ta ƙwai, alhali galibin iyayen ajami suka iya, ba su da ikon duba abin da ya rubuta. Yayye da maƙwabta da suka riga shiga makaranta su ne suka ɗauki wannan nauyi, kuma hakika tarihi bai ba su haƙƙinsu na yabo ba.

Shekarar 1976 ta zo wa garin da al'amura uku a jere: aka ƙirƙiro Jihar Neja, aka yanke ƙasar sabon babban birnin tarayya wanda ya karɓi sunan Abuja, tsohon garin kuwa daga baya ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu, sa'an nan a watan Satumba aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Da yake ba kowane yaro ke da takardar haihuwa ba, sai a ce ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓa kunne, in ya kai an ɗauke shi. Aka mai da firamare shekara shida, ƙarshen shekara kuwa ya riga ya koma Yuli cikin damina, ma'aikata da 'yan kasuwa masu hidimar sabon birni suka cika garin, har ajin da a da malam ya san uban kowane yaro da kakansa ya zama taron Hausawa da Gwari da Koro da Nufawa da Yarabawa da Ibo, wasu bisa benci wasu a ƙasa. Malamin da ke da irin wannan aji, in ya ba da jinga, da wane dare zai duba ta? Shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato cikin 1999 ya ƙara gine-gine, amma yawan yara bai daina rinjayar yawan malamai ba.

Cikin wannan cunkoso makarantun kuɗi suka yawaita, suka kuma mai da ranar jawabi da ba da kyaututtuka babban buki, da rumfuna da lasifika da rigunan yaye ɗalibai har ga 'yan nazare, iyaye suna biyan kuɗin walima dabam da kuɗin zango. Ba na ƙin farin cikin yara, bal ma ina ganin yaron da ya yi shekara yana tashi da sassafe ya cancanci a yi masa rana guda. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa akan watse daga taron nan an ga rawa an ji jawabin hedimasta, ba a ji yaro ko ɗaya ya buɗe littafi ya karanta shafin da ba a haddace masa ba, sai kati kawai a miƙa wa uba, mai ɗauke da lambobin da ba shi da hanyar gaskata su.

Makarantun Islamiyya kuwa, waɗanda suka fara yaɗuwa a Arewa tun shekarun 1950, sun aro aji da rajista da jarrabawa da katin sakamako daga boko, har sauka ma ta zama ta rukuni, a yaye ɗalibai da yawa maza da mata rana guda, galibi da riwayar Hafsu maimakon Warshu ta zauren da. Duk da haka ba su yar da tsohon sharaɗin ba: a ranar walima akan kira ɗalibi gaban jama'a, wani malami daga cikin baƙi ya ja masa baƙi daga inda ya ga dama, shi kuwa ya ci gaba daga nan, iyayensa suna zaune suna saurare.